Garka, Laima da Mesa: Sunayen Lambu a Bazarar Bagudo

A Kano in ka ce lambu, magana ta ƙare. Amma ka yi yamma, ka wuce Jega, ka gangara ƙasar Bagudo da garuruwan bakin Kwara irin su Illo da Lolo, sai ka ji wata kalma tana gogayya da ita: garka. Kasuwa ɗaya suke ci, wani lokaci ma baki ɗaya ke furta su, sai dai ba wuri ɗaya suke aza nauyi ba.

Lambu ruwa yake tuna maka. Inda babu guga, ko jigo, ko inji, ba a kiran wurin lambu. Garka kuwa shinge take tunawa. Akwai garkar rogo, akwai ta auduga, waɗanda ruwan sama kaɗai suka sani, amma in ka cire musu darni ko ƙaya sun koma gona kawai.

Akwai ta uku, baƙuwa: gadina. Mutum zai ɗauka garden ce ta Ingilishi, amma wasalin ƙarshen nan yana tona asiri. Hausa ta saba mayar da wutsiyar sunayen masu sana'a na Turanci zuwa a: direba, kafinta, birkila, tela. Gadina a sahunsu take. Gardener ce, wato ma'aikacin da ke kula da shuke-shuken gidan Bature, sai sunan mutumin ya zame ya koma na wurin aikinsa. A tsallaken iyaka, wajen Madikali da Malanbil a Jamhuriyar Benin, inda Faransa ta yi mulki, jardan ake ji.

Garden da jardin 'yan ɗaki ɗaya ne, tushensu wata tsohuwar kalma ce ta kakannin Jamusawa mai nufin wurin da aka killace. Firdausi da muka karɓa daga Larabci, Larabawan ma aro suka yi daga tsohon Farisanci, inda take nufin abin da aka kewaye da katanga, kuma ita ce ta bi ta Girkanci ta zama paradise da paradis. Kunne zai so ya cusa garka cikin dangin garden, tunda ga kamar sauti ga kamar ma'ana. A bar kunne da kwaɗayinsa. Abin da ya haɗa su bai wuce akuya ba, wadda ta koya wa kowace al'umma darasi iri ɗaya.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce aljanna. A Larabci janna lambu ce, saiwar kalmar kuma, jimun da nunun biyu, rufewa take nufi. Daga nan aka sami aljani, wanda ido ba ya gani, da janin, ɗan tayin da ciki ya ɓoye, da majnuni, wanda aka lulluɓe wa hankali. Wurin mutanen hamada, lambu shi ne inda ganye ya rufe ƙasa har rana ta kasa ganinta. Ƙaramar janna ita ce junaina, sunan garin nan na Darfur da alhazan ƙafa na dā suke yada zango.

Mai garka a Bagudo bai buɗe ko ɗaya daga ƙamusoshin nan ba. Amma daga Maris zuwa Mayu aikinsa bai wuce abubuwan da sunayen suka ambata ba: ya samo ruwa, ya tare iska, ya rufe ƙasa.

Mukan ce noman rani, sunan kuwa ya yi faɗi da yawa. Rani ya ƙunshi hunturu, wanda a nan yamma aka fi kira ɗari, ya kuma ƙunshi bazara, su biyun ko ba sa ga-maciji. Lambu ɗan ɗari ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare yana da sanyi, ƙasa tana riƙe ruwa, albasa tana yin kai, kowa manomi ne. Bazara ce ke tantance waye waye. Faransanci ya kira wannan noma contre-saison, wato noman da ya saɓa wa lokaci, kuma kalmar ta yi tashe a Nijar bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a fadamu da bakin rijiyoyi. Bahaushe bai ga saɓani a ciki ba. Rani ma lokaci ne, yana da nomansa.

Shi kansa zafin ba suna ɗaya gare shi ba. Zafi na kowa da komai ne: na shayi, na ciwo, na rai. Ƙuna ta fi shi kaifi, ita ce ke barin tabo. In an ce rana ta ƙwalle, ko ta take, sama ce wayam babu ko ƙyallen girgije. Zufa kuwa, ko gumi, ita ce ta ƙarshen bazara, lokacin da iskar kudu ta fara kawo ɗanyen numfashi, hadari yana haɗuwa yana watsewa, mutum ya kwana a tsakar gida yana juyi. Abin lura shi ne ranar da mutum ya fi jigata ba lallai ita ce shuka ta fi jigata ba. Busasshiyar iskar Maris mai huci, wadda ke shanye gumi kafin ka san ka yi shi, ita ce ke tsotse ganye. Iskar zufa tana ɗauke da laimarta, ba ta kwasar ruwa da yawa daga jikin shuka. Illarta a dare take, kuma za mu zo kanta in mun iso tumatir.

A wannan yanki ma'aunin zafi ya haura 40 a Afrilu ba labari ba ne. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, garin Kayes na Mali ya kai 48.5, a cikin watan azumi.

Ga kogi a kusa, za a ce me ya yi saura? Kogin nan mun ce masa Kwara, Zabarmawa da Dandawa sun ce Isa Beri, babban kogi, mutanen Mali na can sama sun ce Joliba, Fulani sun ce Mayo. Sau biyu yake cika a shekara, kowace cika da launinta. Ta farko ta ruwan damina ce na nan kusa, daga Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka. Masu lura da ruwa a madatsar Kainji fara suke kiranta, a Yamai kuwa ja ake ce mata. Ta biyu baƙa ce, saboda ruwan ya tace. Ruwan sama ne da ya zuba a tsaunukan Gini tun damina, ya shiga fadamun Masina a Mali ya yi watanni yana jan ƙafa, ya zubar da lakarsa, sannan ya iso iyakar Nijeriya cikin ɗari. Albasar Lolo ta watan Janairu ruwan Gini take sha. Zuwa Afrilu da Mayu baƙin ruwa ya wuce, farin bai zo ba, yashi ya fito tsakiyar kogi, wanda ya tsaya kan gadar Tuga zai gani da idonsa. Zafi ya kai ƙarshe daidai lokacin da ruwa ya kai ƙasa.

Tunda yashi ya shigo magana: Bahaushe yana jin Malanbil sai ya zaci garin wani malami ne. Malan sunan wani gwamnan Faransa ne na Dahomey, wato Benin ta yau. Tsohon sunan wurin Tassi, wato yashi a Dandanci, kuma ga mai lambu tsohon sunan ya fi sabon amfani, don ya gaya masa irin ƙasar da zai yi fama da ita. Yashi ba ya ajiya, kaɗan-kaɗan yake so a kai a kai. Laka tana ajiya, amma in aka bari ta tsage, tsagar ta zama ƙofar da iska ke shiga ta busar da saiwa. Kalmar fadama dai ta yi sa'ar da garka ba ta yi ba: tun farkon shekarun 1990, da shirin Fadama na rancen Bankin Duniya, ta shiga takardun Turanci da rigarta, ba a fassara ta ba.

Wahalar shuka ma hawa-hawa ce. Akwai yaushi, akwai ƙishi, akwai ƙuna, kuma wanda ya rikita na farko da na biyu yana iya kashe abin da ya zo ceto. Na ga wani dattijo a wata garka bayan Lolo ya hana ɗansa tada inji da azahar. Yaron ya nuna masa tattasai duk ya sunkuyar da kai, ya ce, “Baba, ƙishi suka ji.” Tsohon ya tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, ya zaro, ya nuna masa laka a farce. Ya ce, “Wanga ba ƙishi ba na, yaushin rana na. Bari ta yi sanyi. In da sahe ka iske su hakanga, sannan ka kira ni.”

Gaskiyarsa. Da tsakar rana ganye yana zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya jawowa, ko da ƙasar a jiƙe take, sai ya saki jiki ya rage fuskar da yake ba rana. Da yamma ya miƙe. In aka yi ta malala masa ruwa a kan ƙasa mai zafi wadda dama a ƙoshe take, iska ta ƙare wa saiwa, ta ruɓe, ganyen ya ƙara yaushi, mai lambu ya ƙara ruwa. Yaushin da ya kwana ya wayi gari, shi ne ƙishi.

Ƙuna ba ta da magani sai riga-kafi. Ita ce farin tabon nan da ke fitowa a kumatun tumatir ko tattasai ta gefen da ke kallon yamma, fatar ta yi laushi ta lotsa. Ganyen shukar shi ne inuwar 'ya'yanta, don haka bazara ba lokacin sassabe ba ne. Ba kuma lokacin zuba takin zamani ba ne a busasshiyar ƙasa, gishirinsa yana ƙona saiwa, yana kuma tunzura sabon toho mai laushi wanda rana za ta lashe.

Tumatir yana da wata matsala ta daban. In rana ta haura 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 24, garin furensa yana lalacewa, furen ya kakkaɓe bai ƙulla ɗa ba. Ga ganye shar, ga ruwa, babu 'ya'ya. Shi ya sa kwandon da aka yi ta roƙon mai saye a Fabrairu yake zama gwal a Mayu da Yuni.

Sunayen kayan lambu ma suna ba da labarin wanda zai fara faɗuwa. Tumatir, latas, kabeji, karas: duk Ingilishi ne a bakin Bahaushe. Tsallaka iyaka ka ji tagwayensu na Faransanci: tumati, salati, shu, karoti. Baƙi ne, 'yan sanyi, bazara na kamawa latas ya yi tsiri ya yi ɗaci, kabeji ya ƙi naɗe kai. Shi tumatir tafiyarsa ta fi ta kowa nisa, don sunan daga harshen Aztek na Meziko ya taso, ya bi ta Sifaniyanci. Waɗanda ke tsayawa su ne masu sunan gida, har suna da na Kano da na yamma: kuɓewa da guro, yakuwa da sure. Ga rama, ga lalo. Kankana da guna kuwa zafin ma suke nema.

Dokar tana da ɓaraka, kuma ya kamata a faɗa. Barkono, ko tonka, daga nahiyar Amurka ya zo kamar tumatir, amma ya daɗe har sunansa ya daina nuna baƙunci. Albasa kuma baƙuwa ce da ta zama uwar gida. Al-basal ce ta Larabci, ta shigo da al ɗinta kamar alkama, daga bakinmu ta wuce kudu ta zama alubosa wurin Yarabawa. Ita dabara ta yi: ta yi girmanta cikin ɗari, bazara na shigowa wuyanta ya karye ya kwanta, a yanke mata ruwa, zafin da ke kashe latas ya busar mata da riga ta yi ajiya. Kasuwannin Aliero da Yawuri da Malanbil da Galmi duk a kan wannan lissafin suke.

Yanzu ruwan kansa. Muna cewa ban ruwa, kuma wannan ban ɗin yana da dangi masu mutunci: ban kwana, ban hannu, ban haƙuri, ban girma. Duk abubuwa ne da ake miƙa wa wani. Akwai kuma bayi, wadda a rubuce ta yi kama da wasu kalmomi biyu da ba ruwansu da lambu, kuma da ita ake shayar da doki da shuka baki ɗaya. Faransanci arroser yake cewa, 'yar'uwar rosée, raɓa, butarsu mai ɓuli-ɓuli kuma arrosoir. Su daga sama suke yayyafawa, mu a gindi muke bayarwa a sha. A ƙasar da rana ke da kunya yayyafi ya wadatar. A Bagudo cikin Afrilu, yayyafi yana jiƙa fatar ƙasa ne kawai, saiwa ta biyo shi sama, rana ta same ta a nan. A ba shi ya ƙoshi, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ruwan ya nutse, saiwar ta bi shi ƙasa inda sanyi yake.

Shi ya sa manomin damina yake tada kunya, na rani yake yin komi. Kunya tana ɗaga shuka sama da ruwa. Komi, ko fangali a bakin Kanawa, yana zaunar da ita ƙasa-ƙasa cikin ɗan gurbi mai gaɓa huɗu, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita. Kalmar komi kuma ita ce ta abin shayar da dabbobi da aka fafe daga gungume, ita ce ta ƙaramin jirgin ruwa. A bakin Kwara mutum ɗaya yana iya sauka daga komin da ke hana ruwa shiga ya nufi komin da ke hana shi fita.

Jigo ya yi ritaya daga lambu ya shiga siyasa. Matasa da yawa sun san jigon jam'iyya da jigon labari, ba su taɓa ganin na asali ba: doguwar sanda a kan gwafa, dunƙulen laka a gindi, guga ko wasaki a kai, mutum ya danna ta sunkuya rijiya, nauyin lakar ya ɗago ta. Masarawa suna aiki da ita tun zamanin Fir'aunoni, sunanta na Larabci shaduf, kuma Ingilishi da Faransanci duk sun ara. Hausa, da ta ari alkama da albasa daga Larabci, ba ta ari wannan ba.

Wanda ya kori jigo inji ne, da famfo, wanda harafin p na Turanci ya zame masa f kamar yadda ya yi a fensir da fasinja. Sai abin da ke kai ruwan komi, mai suna biyu. Tiyo tuyau ce ta Faransanci, ɗaya daga cikin kalmomin da suka tsallako daga ƙasashen Faransa suka zauna har Kano ba tare da an tambaye su takarda ba. Mesa kuwa tamu ce. Wani ya dubi abin nan baƙi, dogo, mai kauri, kwance cikin ciyawa yana motsi in ruwa ya shige shi, ya ba shi sunan macijiya, kuma ba wanda ya yi gardama. “Jawo mesag ga,” in ji mutumin yamma, ba mai gudu.

A bazara dai takan yi sara. Ruwan da ya kwanta cikin baƙar mesa tun hantsi yana fitowa da zafin da hannu ba ya jurewa, in ya sauka kan sabon dashe ya gama da shi. Masu lura sukan karkatar da bakinta gefe har sai mai sanyi ya iso, ko su lulluɓe ta da ciyawa.

Garwa ma tana da rigima. Ita ce gwangwanin kananzir na dā mai cin galan huɗu, kimanin lita 18. Masu sayar da ruwa a Kano 'yan garuwa ne, a Yamai ma, inda Zabarmanci ya fi yawa, garuwa ake ce musu. Wani zai ce daga gwangwanin ne, wani ya ce daga kiran talla ne, ga ruwa. Kalmomin biyu sun haɗu a kan kafaɗar mutum ɗaya, har sun saje. Abin da ba gardama a kai shi ne lissafi: a tsananin bazara rana da iska suna iya kwashe kimanin lita 8 a yini daga kowane murabba'in mita na ƙasa mai shuka. Garwa guda ba ta wuce mita biyu da 'yan kai ba.

Inji kuma ba ya shan ruwan da yake ja. Fetur yake sha, wanda a Nijar da Benin ake kira esansi, wanda kuma in ya bi ta bayan fage ya shiga kwalabe a bakin titin Benin ya zama kpayo, wato abin da ba na ainihi ba. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, dokar da aka yi don 'yan fasa-ƙwauri ta faɗa kan masu komi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafi. Tun daga nan sababbin kalmomi suka shigo garka: sola, faranti, tukunyar gas. Kowace lita da ƙasa ta riƙe kuɗi ne da ba a ƙona ba, wannan kuwa ya kawo mu kan kalmar da na fi so a duk wannan sha'ani.

Laima biyu ce. Akwai laima ta danshi, wadda ake ji a bango bayan ruwa, ko a ƙasa in an tura yatsa. Akwai laima ta sarki da ta 'yan kasuwa, wadda ake buɗewa a shiga. Ta biyun al-khaima ce ta Larabci, tanti. Ta bi hanyar da al-khabar ya bi ya zama labari: a ya faɗi, kh ya narke, l ya maƙale. Laimar nan biyu ba dangin juna ba ne, haɗuwa suka yi a hanya. Amma a garkar bazara ɗaya ba ta zama sai da ɗaya: sai an kafa laima a sama, laima take zama a ƙasa.

Laimar da ake rufa wa ƙasa ba ta da suna guda a Hausa. Faransanci yana da paillage, daga kalmarsu ta tattaka. Mu aikatau muke amfani da shi, a lulluɓe, a rufe, a shimfiɗa, sai mu ambaci abin da aka shimfiɗa ɗin. A ƙasar shinkafa irin Bagudo ba a rasa shi: ga ɓuntu tuli a bayan injin casa, ga karan shinkafa, ga ƙaiƙayi. Kaurin yatsu uku ko huɗu ya isa ya hana rana taɓa ƙasa, ya rage ciyawa, ya sa ruwan jiya ya kai gobe. A ɗan janye shi daga jikin kara don kada gindi ya ruɓe. Harawa ba ta shiga wannan lissafi, tana da masu ita, kuma a watan Afrilu sun fi tattasai iya kuka.

Laimar sama rumfa ce, ta zana ko ta kaba, a kan gadon iri da sabon dashe. A yi ta shara-shara, mai tace rana, don shukar da aka rufe ruf takan yi tsawo ta yi fari ta faɗi. Ta gefen da iska mai huci ke bugowa kuma a ja darni, danga in ji Kano, na karan dawa ko na zana. Katangar da iska ke ɗan ratsawa ta fi toshasshiya, wadda iska ke tsallakewa ta faɗo bayanta da ƙarfi.

Zana da gamba ake saƙa ta, gamba kuwa ta yi tafiyar da ko fadama ba ta yi ba. A shekarun 1930 aka kai ta arewacin Ostireliya don kiwon shanu, da sunanta na Hausa. Can ta sami sake, tana kai mita huɗu, gobararta tana cinye manyan itatuwa, har a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Abin da muke saye dami-dami don inuwa, su jiragen sama suke tayarwa su yi masa feshi.

Mashigai biyu na iyakar Bagudo sunan itace gare su, Tsamiya da Maje. Inuwar tsamiya ta matafiyi ce da mai jiran a duba masa kaya. Ta yi duhu da yawa, ba abin da ke yin kirki a ƙarƙashinta, ko ba a kawo zancen masu kwana a kanta ba. Itacen mai lambu gawo ne, wanda Zabarmawa ke kira gao, Faransanci ma ya karɓa haka. Shi yake yin komai a juye: ya kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore da rani. Inuwarsa marar nauyi ce, saiwarsa tana nutsawa can ƙasa ba ta rabon ruwa da komi, ganyen da ya zubar kuma taki ne.

Saura abin da ba mu da sunansa. Filin ciyawa da ake shukawa, a shayar, a aske, ba don wata dabba ta ci ba, Ingilishi yana ce masa lawn, Faransanci gazon. Hausa tana da sunan ciyawa fiye da yadda za a lissafa a nan: harkiya, kyasuwa, tofa, jema, ƙarangiya, kowace da aikinta ko laifinta. Akwai burgu, ba na rami mai satar gyaɗa ba, na ruwa mai zaƙin kara, wanda ke bin cikar Kwara yana tsawo, Fulani na kora shanu gare shi in ruwa ya janye. Darajarsa ta kai daular Seku Amadu ta Masina ta tsara dokokin shigarsa, Faransanci kuma ya ƙera bourgoutière daga sunansa. Amma ciyawar kallo, sai dai a yi kwana: ciyawar ado, ko kafet.

Inda ake ganinta, a gidajen gwamnati da filayen ƙwallo da gidajen masu hali, sau da yawa in ka durƙusa ka duba kiri-kiri ce. Turawa suna danganta ta da tsibirin Bamuda, alhali ba can ne asalinta ba, a Indiya kuma dub ake ce mata. Kulawarta a bazara ba ta da wuya. Kada a aske ta ƙwal, tsawonta shi ne inuwar saiwarta. A shayar da ita sosai jefi-jefi maimakon yayyafin kullum, a ɗaga mata ƙafa da taki da yawan tattaki. In ta yi ja, barci take, saiwoyinta na ƙarƙashin ƙasa suna nan da rai, ruwan farko zai tashe ta. Wanda kuwa ya nace sai ta zauna kore shar har Mayu, ya san fili mai mita goma tsawo goma faɗi zai sha masa duro uku zuwa huɗu kowace rana.

Wannan kiri-kirin ita ce mai garka yake yini yana tona da fartanya a bakin komi, yana tsinto gutsattsarin saiwarta ɗaya-ɗaya, don ko guntu ya bari sai ta dawo. Yakan tara ta gefe ta bushe, in bai kai wa tumaki ba ya shimfiɗa ta a gindin tattasai.